Yadda gadar ƙasa ke mannewa da ta sama a wasan waya

Wani ɗalibin lise daga unguwar Zariya a nan Maradi ya aiko da wannan tambaya: "Mushe, barka da aiki. Akwai wasan da muke yi a waya a fadarmu, Monument Valley. Yarinyar tana tafiya a kan gada a ƙasa, sai a murɗa wani gini, gadar ta manne da wata da ke can ƙolin hasumiya, ta wuce abinta, ba tsani ba matakala. Gardama ta kaure: wani ya ce montaj ne, wani ya ce idon mutum ne ke da rauni. Ni kuma na lura ko a Clash of Clans gidan da ke can baya girmansa ɗaya da na gaba. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma zan iya zana irin wannan da hannuna?"

Barka kadai, ƙanena. Abokanka biyu duk sun yi gefe, kai ne ka taɓo bakin zaren ba ka sani ba. Gidan nan na baya da ya ƙi ƙanƙancewa, shi ne ya haifi gadar da ke mannewa. Zane sana'ata ce, ina koyar da shi, ina kuma yi wa magina filan gida, don haka ta ɓangaren takarda da fensir zan biyo maka, tunda a can abin ya fara tun ba a san waya ba.

Ka fita kwaltar da ta nufi Dan Isa da hantsi, ka tsaya a gefe ka miƙa ido. Bakin hanya na dama da na hagu suna ta matsowa kusa da juna har su haɗe can nesa. Tirelar da ta wuce ka yanzu ta cika maka ido, jim kaɗan babban yatsanka ya isa ya rufe ta. Haka ido yake gani, haka kyamara take ɗauka: abu yana nisa yana ƙanƙancewa. Masu zanen Italiya ne suka mayar da wannan lissafi. Filippo Brunelleschi ya gwada shi a birnin Fulorans wajen 1420, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta dokokinsa a 1435. A irin wannan zane, girman abu shi ke faɗa maka nisansa.

Sai dai kai wa magini irinsa ka ga rigima. Tagar gaba santimita huɗu a takarda, ta baya biyu, alhali a ginin faɗinsu ɗaya. Wacce zai auna? Shi ya sa masu aikin hannu suka riƙe wata hanya dabam, inda layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a zahiri suke ci gaba da tafiya haka a takarda, ba sa matsowa, ba sa haɗuwa. Ka san ɗaya daga cikin irin waɗannan zane tun kana CEG, wato ƙaramar sakandare, ranar da mushen lissafi ya zana kub a allo: murabba'i a gaba, layuka su karkata zuwa baya da digiri 45, a rage tsawonsu da rabi, gefunan da ke ɓoye a yi su da ɗigo-ɗigo. Kabaliyer ke nan. Ƴar'uwarta da wasanni suka fi so ita ce izometirik, wadda William Farish, malami a jami'ar Kambirij ta Ingila, ya tsara dokokinta a 1822 saboda zanen injuna. A cikinta babu fuskar da ke kallonka kai tsaye. Ta kusurwa ake kallon abu, daga sama kaɗan, layin tsawo da na faɗi da na tsayi su rabu da juna da digiri 120 cif, kowanne ya gajarce daidai da ɗan'uwansa, zuwa kamar kashi 82 cikin ɗari. Da yake ragin ɗaya ne ko'ina, mu masu zane ko kula shi ba ma yi: mita ɗaya santimita ɗaya, a gaba ko a baya, a aza rula a karanta.

Ribar ke nan, kuma ba a same ta kyauta ba. Da nisa aka biya. Ɗauko kayenka mai ƙananan gidaje, kada ka karanta abin da ke tafe hannu rabbana.

Sa ɗigo a tsakiyar shafi. Mu yi yarjejeniya uku. Taki ɗaya zuwa gabas, gida biyu dama da gida ɗaya ƙasa. Taki ɗaya zuwa kudu, gida biyu hagu da gida ɗaya ƙasa. Hawa ɗaya sama, gida biyu sama a miƙe. Da ukun nan za ka iya zana kub, ka zana ɗaki, ka zana bene, har babbar kasuwa da rumfunanta in kana da haƙuri. To daga ɗigonka yi taki uku gabas: ka matsa gida shida dama, ka sauka uku. Yi uku kudu: shidan sun dawo, ka ƙara sauka uku, yanzu kana ƙarƙashin ɗigon farko da gida shida. Sai ka hau uku. Ina fensirinka ya tsaya?

A kan ɗigon da ka fara.

A duniya, mutumin da ya yi mita uku gabas, uku kudu, ya hau uku sama bai koma inda ya taso ba. Tsakaninsa da wurin ya haura mita biyar, yana can saman rufin maƙwabci. A takarda kuwa wuri ɗaya suke. Dalili shi ne tafiyar tasa in an haɗa ta gaba ɗaya ta faɗa daidai kan layin da idonka ke kallo ta kansa. Wajenka ya taho kai tsaye, shi kuwa wannan zane ba shi da bakin faɗin tahowa, tunda ya riga ya rantse abu ba zai ƙara girma don ya matso ba. Duk abin da ke kan wannan layi, na kusa da na nesa, ɗigo ɗaya ne. Juya maganar ta wata fuska: hawa ɗaya sama, da ja da baya taki ɗaya arewa taki ɗaya yamma, alama ɗaya suke bari a takarda. In na zana maka ƙwallo a tsakiyar fili ban sa mata inuwa ba, babu mai iya rantsuwa ko tana ƙasa can baya ko tana shawagi a iska nan kusa. Duk wani rufa-ido da za mu yi magana a kansa daga wannan ramin yake fitowa.

Koma kan layuka ukun da ka ja. Kaurara su, ka mai da kowanne katako mai fuska huɗu, ka haɗa bakin na ƙarshe da gindin na farko kamar kafinta ne ya buga su. Ka sami alwatika mai kusurwa uku, kowacce digiri 90, jimla 270, alhali ɗan aji shida ma ya san na alwatika 180 ne. Wani matashi ɗan Suwidin, Oscar Reutersvärd, shi ya fara zana ta a 1934 da jerin ƙananan kub, kuma a 1982 ƙasarsa ta buga zane-zanensa a jikin kan sarki na gidan waya. Amma sunan wasu ta ɗauka. A 1954 Roger Penrose, a lokacin yana ɗalibin lissafi, ya je taron masana lissafi a Amsterdam, ya ga nunin ayyukan mai zanen Holan M. C. Escher, abin ya tsaya masa a rai. Ya koma Ingila ya ƙirƙiro alwatikar da kansa, mahaifinsa Lionel Penrose ya ƙaro matakala mai ɓangare huɗu wadda ake ta hawa ana dawowa wuri ɗaya, suka buga su tare a mujallar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya a 1958. Suka aika wa Escher, shi kuma ya rama da zane biyu: na 1960, inda wasu masu hular alkyabba ke zagaya matakala a saman wani gini ba ranar isa, da na 1961, inda ruwa ke gangarowa ta kwata ya faɗo ya juya injin niƙa, ya sake gangarawa har ya iske kansa a saman inda ya faɗo. Alwatikar Penrose biyu ce a ɓoye cikin wannan kwatar. Wannan Roger ɗin shi ne dai ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2020, a kan wani aiki dabam.

A nan akwai abin da zan ƙara don kada wani ya kama ka a gardama. Ba dole sai da izometirik ake wannan wasa ba. Matakalar Escher ta 1960 da zane mai tsukewa ya yi ta, irin na kwaltar nan, inda abin nesa ke ƙanƙancewa. Amma a can sai mai zane ya yi ta ƴan gyare-gyare, domin bakin katakon da ke kusa ya fi na nesa kauri, ba za su dace ba sai an yi musu dabara. A izometirik kaurinsu ɗaya tun asali. Haɗin yana zuwa da kansa, ko ɗinki ba a gani.

To me ya sa hankali ke yarda? Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a kimar nan ake kama shi. Hoton da ke faɗawa cikin ido shimfiɗaɗɗe ne, zurfi ƙwaƙwalwa ce ke ƙiyasta shi, da sauri, bisa abin da ta saba. Cikin abin da ta saba akwai wannan: in bakin abu biyu sun haɗu daidai a gani, to a haɗe suke. Kusan kullum gaskiyarta ne, don da wuya a ce abu biyu masu nisa da juna su yi saiti cif haka kawai, kuma ko sun yi, kana gyara tsayuwa saitin ya watse. Malamanmu sun riga kowa nan. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra, a Kitabul Manazir da ya rubuta a Misira tsakanin 1011 da 1021, ya ce gani shi kaɗai ba ya auna nisa sai hankali ya yi hukunci, kuma hankali yana dogara da abin da ke shimfiɗe tsakaninka da abin kallo, musamman ƙasa. Har gwaji ya bayar: a gina bango biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, a sa mutum ya leƙa ta ƙaramin rami yadda ba zai ga ƙasar da ke tsakaninsu ba, zai ɗauka a manne suke. Gadar yarinyar nan taka ke nan, shekara dubu kafin a yi ta.

Abu na biyu, inda ido ke gani tar ɗan ƙaramin wuri ne, sai ya yi ta yawo a kan hoto yana duba gaɓa-gaɓa. Kowace kusurwa ta alwatikar Penrose, in ka rufe sauran biyun da hannu, lafiyarta ƙalau, kowane kafinta zai buga maka ita. Abin kamar littafin bashin ɗan kasuwa ne wanda kowane shafi lissafinsa daidai, sai an zo haɗa jimla giɓi ya fito. Ita kuwa ƙwaƙwalwa shafi-shafi take dubawa, kuma ko bayan ka gane inda giɓin yake, ba ta fasa nuna maka haɗin. Ni da nake zana ta da hannuna, har gobe a haɗe nake ganinta.

Saboda haka abokinka mai cewa rauni ne, ka ce masa ƙwarewa ce aka yi wa tarko. Wanda ya saba karanta zurfi a zane shi ya fi faɗawa. Tunda maganar ta zo nan, akwai wani tsohon zance da za ka iya cin karo da shi, wai ƴan Afirka ba sa ganin zurfi a hoto. Tushensa gwajin da William Hudson ya yi a Afirka ta Kudu a 1960: hoton maharbi riƙe da mashi, da barewa a kusa, da giwa ƴar mitsitsiya a kan tudu can baya, a tambayi mutum wa maharbin ke nufi. Da yawa cikin waɗanda ba su yi lakwal ba suka ce giwa, ƴan makaranta kuwa suka fi cewa barewa. A ganina abin da gwajin ya auna sabo da al'adar zanen Turawa ne, ba lafiyar ido ba. Mutumin da ke jifan tsuntsu da gwafa ya san nisa sarai. Karatun zane koyonsa ake yi, kowane iri da ƙa'idarsa.

Ana iya gina alwatikar a zahiri, kuma ina ba ka shawara ku yi a fadarku. Ku kai wa mai walda guntayen bututun ƙarfe mai fuska huɗu guda uku masu tsawo ɗaya, ko ku nemi katako. Na farko a kwance, na biyu ya tashi daga bakinsa ya yi kwana a kwance, na uku ya miƙe tsaye daga bakin na biyu. Abu ne buɗaɗɗe, bakinsa biyu ba su san juna ba. Ajiye shi a ƙasa, hau kan benci daga ɓangaren na tsayen, rufe ido ɗaya, ka yi ta gyara tsayuwa har kan na tsayen ya hau gindin na farko. Da kyamarar waya ya fi kyau, amma ka ja da baya sosai ka jawo hoton, domin iya nisanka iya yadda bambancin kaurin kusa da nesa ke raguwa. In an yanke kan na tsayen a karkace yadda zai yi kamar ya shige, haɗin sai ya fi zama. Buɗe ido na biyu, ko ka matsa taki guda, asiri ya tonu. A birnin Perth na Ostareliya akwai irinta ta ƙarfe da aka kafa a 1999, ta haura mita goma sha uku, kuma sai an tsaya inda ya dace take rufewa. Wani masanin lissafi ɗan Japan, Kokichi Sugihara, ya ci gasar ruɗin ido ta shekarar 2010 da kwali kawai: gangara huɗu da ƙwallaye ke yi kamar suna hawansu, alhali sauka suke, kyamara ce aka kafe a wuri ɗaya.

Riƙe wannan kafewar, ita ce ta kai mu wasanni.

Masu wasannin farko ba don rufa-ido suka ɗauki izometirik ba, talauci ne ya kai su. Injunan shekarun 1980 ba su da ƙarfin ƙara wa hoto girma da rage shi sau da yawa a daƙiƙa. A zanen da abu ba ya ƙanƙancewa kuwa, ka zana itace ɗaya ka manna shi ko'ina a fili, gaba da baya, ya zauna daidai. Sai dai a fara jera na baya, na gaba su zo su rufe su. Haka aka yi Zaxxon da Q*bert a 1982, na biyun dala ce ta kub 28 da ake tsalle a kai, sai Knight Lore a 1984, SimCity 2000 a 1993, Age of Empires a 1997. Clash of Clans da ka ambata na kamfanin Supercell ne na Finlan, 2012, lokacin da wayoyi sun riga sun yi ƙarfi, amma an riƙe salon saboda wata ribar: kana jan fili da yatsa ba abin da ke karkacewa, kuma sojan da ke can ƙurya ana ganinsa kamar na tsakiya. Masu zanen Sin sun gano wannan tun tuni. Akwai wani shahararren zane na Zhang Zeduan daga ƙarni na 12, birni da kasuwa da kogi a kan ƙyallen siliki da ya haura mita biyar, wanda ake warwarewa kaɗan-kaɗan ana naɗewa. Zanen da ake kallo haka ba shi da wurin tsayuwa ɗaya, don haka layukan gine-ginensa kafaɗa da kafaɗa suke tafiya.

Af, gida biyu gefe da gida ɗaya ƙasa da na sa ka yi, ba ni na ƙirƙira ba, na masu wasanni ne. Izometirik na gaske digiri 30 yake kwantawa, amma a allon da ɗigoginsa ke da girma layin digiri 30 yana fitowa da haƙora marasa tsari. Biyu-da-ɗaya yana ba da digiri 26 da rabi da ƴan kai, matakansa kuma daidai wa daida. Ba cif ba ne, amma ido ya fi son sa.

Ramin nan na nisa kuwa ya ba su wahala ƙwarai. A Zaxxon jirgi kake tuƙawa ta saman katanga, kuma ba yadda za a yi ka san ko sama yake ko gaba yake, sai da aka sa masa inuwa a ƙasa da ma'aunin tsayi a gefen allo. Wanda ya taɓa tsalle zuwa wani dandamali a irin waɗannan wasanni ya faɗa rami, alhali a idonsa saitin daidai ne, ya san zafin abin. Inuwa a ƙarƙashin ƙafa, ginin gaba ya zama garai-garai in mutum ya shiga bayansa, damar juya gari ta fuska huɗu, duk toshe wannan rami ne.

Sai wasu suka ce, maimakon toshewa, me zai hana ramin ya zama shi ne wasan? Echochrome na Sony a 2008 ya kafa doka cewa abin da ido ya gani shi ne gaskiya: in hanya biyu sun haɗu a gani, a haɗe suke, in ginshiƙi ya rufe rami, babu ramin. Fez a 2012 ya yi nasa da juya duniya kwana huɗu. Monument Valley na wani ƙaramin kamfani ne a Landan, ustwo, ya fito a 2014, kuma masu shi ba su ɓoye cewa sawun Escher suka bi ba. A cikin kwamfuta ginin nan na gaske ne mai tsawo da faɗi da tsayi, irin ƙarfen mai waldarku, kuma bakin gadojin biyu suna nesa da juna. Kyamarar wasan an hana ta rage girman abin nesa, an kuma kafe ta, ba a ba ka ikon leƙawa ta gefe ba. Abin da aka ba ka shi ne murɗa wani yanki, kuma an auna shi yadda in ya tsaya, bakinsa zai faɗa kan layin kallo ɗaya da wancan. Daga nan doka ta ce hanya ta buɗe. Lokacin da Ida, sunan yarinyar ke nan, ta taka mahaɗar, ta tsallake duk wannan tazara ne a taki ɗaya, amma da yake girmanta bai canja ba, ba abin da zai gaya maka. Ka ga mai cewa montaj yana da ɗan guntun gaskiya: akwai tsallake, sai dai ba a yanka hoto ba, ba a liƙa komai ba. Ka kuma lura da launin: kowace fuska da nata, na sama mai haske, na gefe biyu masu duhu-duhu, kuma ba a cika barin inuwar wani gini ta faɗa kan wani ba, don inuwa ita ce babbar mai tona asiri. Ni dai a wajena Monument Valley ya fi kyan gani nesa ba kusa ba, amma Echochrome ya fi koyarwa, domin a can kai ke juya kyamarar da hannunka kana neman saitin.

Akwai wasu ruɗin biyu daga gida ɗaya, waɗanda mu muka fi haɗuwa da su a wurin aiki. Na farko juyewa. Zana kub da dukkan gefunansa goma sha biyu, ba ɗigo-ɗigo, ka zuba masa ido: fuskar gaba za ta koma baya, ta sake dawowa, ba ka taɓa komai ba. Louis Albert Necker, ɗan Suwizalan, ya bayyana wannan a 1832 yana duba zanen ƙwayoyin ma'adinai. Fuskokin biyu girmansu ɗaya, babu shaidar da za ta raba gardama, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta sauya ra'ayi. Ɗigo-ɗigon da mushen lissafi ya matsa muku a kansu maganin wannan ne. A izometirik abin ya fi muni, don kusurwar gaba tana hawa kan ta baya, kub ɗin ya baje ya zama fure mai kusurwa shida. Ka duba karon daɓe mai zanen kub-kub launi uku da ake sa wa a wasu falo: ka tsaya a ƙofa ka ga matakala na hawa, ka zagaya ɗaya gefen su zama ramuka. Hankali ya saba haske daga sama yake zuwa, don haka fuskar da ta fi haske ita yake ɗauka sama. Tun zamanin Rumawa ake daɓe da wannan zane.

Na biyu shi ke haɗa ni da masu gida. Na zana wa wani Alhaji dogon gini mai jerin shaguna, ya juya takardar ya sake juyawa, ya ce, "Malam, me ya sa bayan ya fi gaban faɗi? Filin nawa ai ba haka yake ba." Na aza rula a gaba, na aza a baya, duk ɗaya. Ya karɓi rular ya auna da kansa. Idonsa yana jiran bayan ya tsuke kamar kwalta, da bai tsuke ba sai ya yanke cewa lalle ya fi faɗi. Roger Shepard na jami'ar Stanford ya fitar da zanen tebur biyu a 1990, ɗaya siriri dogo ɗaya gajere mai faɗi, alhali in ka kwafi saman ɗaya a takarda mai shara-shara ka juya ka aza a kan ɗayan, cif suke. Shi ya sa ba na ba magini izometirik shi kaɗai, sai da filan ƙasa mai lambobi. Kuma ina gargaɗinsa kada ya auna komai sai a kan layuka ukun nan: in ya bi ta kusurwa zuwa kusurwa, ɗaki murabba'i zai ba shi tsawo biyu dabam, da'ira kuma ƙwai take zama. Masu zanen bututun ruwa suna da tasu dabara, inda bututu biyu suka gitta sai a katse layin na baya kaɗan. Dabarar da mai ɗinkin babbar riga ke yi ke nan in yana fitar da dagi, zare ya katse a nan ya ɓullo a can, ido ya ce wannan ya bi ta ƙarƙashin wancan.

Saura zanen hannunka. Alwatika ka riga ka yi ƙashinta. Ga matakalar da ba ta ƙarewa, amma juya kayen a kwance don tana cin gida 32 a faɗi, ban da kaurin matakan. Ninka ma'aunin ɗazu: taki gabas gida huɗu dama biyu ƙasa, kudu huɗu hagu biyu ƙasa, yamma huɗu hagu biyu sama, arewa huɗu dama biyu sama. Bayan kowane taki ka hau gida ɗaya a miƙe, tsayin mataki ke nan. Yi shida gabas, shida kudu, biyu yamma, biyu arewa. Za ka dawo kan ɗigonka, alhali hawa goma sha shida ka yi ba sauka ko ɗaya. Hawan ya ɓuya ne cikin rarar taki huɗu na gabas da huɗu na kudu, waɗanda ke jan zanen ƙasa daidai gwargwadon yadda hawan ke ɗaga shi. Don haka duk inda ka ga irin wannan matakala, ƙirga matakan kowane ɓangare, za ka tarar ba su kai juna ba. In ka gama ƙashin, ba kowane mataki faɗi zuwa waje, ka saukar da bango daga gefunansa, ka yi launi uku kamar na wasan. Kada ka zana inuwa a ƙasa, kuma in za ka sa mutane a kai, ka auna su da rula su zo tsayi ɗaya, na gaba da na baya.